Shekarar da Na Sayi Dumi Mai Ƙwai

Ranar Juma'ar da ta wuce ɗiyata Shafa'atu ta shigo da ƙawayenta biyu da suka gama makaranta tare a Birnin Kebbi, suka tsaya bakin murhu suna kallona ina juya kifi. Ɗaya ta ce su ma bandar kifi za su fara, sun ga yadda ake yi a waya: a sayo, a wanke, a ɗora a wuta, a zuba a leda mai suna. Ni dai na matsar musu da tabarma nesa da hayaƙi. Da suka tafi Shafa'atu ta ce in ba zan faɗa da baki ba to in rubuta, tunda ajin yaƙi da jahilcin da na yi bai tafi a banza ba. Ga shi kuwa na rubuta. Ba don in hana kowa ba ne, sana'a ta Allah ce, kowa ya shigo da rabonsa. So nake dai mai shigowa ta san abin da za ta tarar.

Sunana Ige. A Argungu nake banda, na haura shekara talatin a kai. Ina yin tarwaɗa, ina yin kurungu da gargaza, amma da dumi aka san ni, kuma a kansa zan yi magana, don wadda ta iya dumi sauran kifi ba zai ba ta wahala ba.

Wanda bai san dumi ba, in an miƙa masa, ya fara juya shi ya dubi bakin. Ba a gaba yake ba kamar na sauran kifi, a ƙasa yake, da leɓɓa masu kauri masu ninki, kuma ko ka tura yatsa ba za ka ji haƙori ba. Da wannan baki yake manne wa dutse ko kututturen icen da ya nutse yana tsotsar gansakuka, ko ya bi ƙasan gulbi yana kiwo a laka, kai a ƙasa, kamar tunkiya a fadama. Shi ya sa ba a cika samunsa a ƙugiya ba, sai a raga. Iri biyu muke gani. Akwai farin dumi, mai jiki kamar azurfa da ɗan ja-ja a fikafikai, shi ya fi son inda yashi yake. Akwai baƙin dumi, ya fi kauri, yana zama a zurfi inda ruwa ke da ƙarfi. In an fito da shi da rai, rana ta haska shi, za ka ga shuɗi-shuɗi a bayansa, kowane ɓawo da ɗan ɗigon ja a tsakiya kamar an zauna an yi masa ado. Har yau in an zube shi gabana sai na ɗan tsaya na kalla kafin in kai hannu.

Aikin da Goggo Tumba ta fara ba ni shi ne fiɗa. Ƙanwar mahaifina ce, a hannunta na tashi, a gindin murhunta na koyi duk abin da na sani. Shekara guda cur ban taɓa wuta ba. Wuƙa ƙarama ta ba ni, wadda wasawa ta cinye har ta koma kamar ganyen albasa, da daro biyu, da dutsen wasawa. Cikin dumi ba irin na tarwaɗa ba ne. Hanjinsa siriri ne, a naɗe kamar zaren da aka dunƙule, in ka warware ya ninka tsawon kifin sau da yawa, kuma cike yake da laka da gansakuka. Da kifin ya mutu wannan cikin ke fara lalacewa, tun naman bai san an mutu ba. Dumin da aka kamo da asuba, in ya kai hantsi ba a buɗe shi ba, an yi asara. Sai a tsaga a hankali, a kwashe gaba ɗaya kada ɗacin ya fashe, a kankare baƙar fatar da ke shimfiɗe a ciki, a bi jinin da ke kwance jikin ƙashin baya da babban yatsa har ya fita. Goggo ba ta faɗa. In na gama daro, sai ta ɗauki guda ta buɗe ta shinshina. In ta ajiye shi dama, na wuce. In ta ajiye shi hagu, duk daron zan sake.

Wuta kuma karatu ce daban. Murhunmu na laka ne, da ragar waya a kai, daga baya ne aka fara yanka ganga ana yi da ita. Icen marke ko kirya muke nema, busasshe. Darbejiya ba ta shiga murhunmu, hayaƙinta na sa ɗaci. Da farko garwashi ne mai zafi, don naman ya dahu ya kama jikinsa. Dumin kaka mai kitse ne, man na ɗiga, wuta ta taso, in ka juya baya ka amsa sallama sai ka tarar da gawayi. Bayan nan a janye itace, a watsa ɓuntun shinkafa da muke samowa wajen masu sussuka, a rufe da tsohon kwano, hayaƙi mai sanyi ya yi ta ratsa shi yini biyu, wani lokaci uku. Ɓuntun ne ke ba shi launin nan ja mai ƙyalli da masu saye ke so. To a nan ne mutane ke ruɗuwa. Launi na zuwa tun yinin farko, bushewa kuwa sai ta ga dama. Kifi na iya yin kyau a ido, ya yi ƙara in an ƙwanƙwasa, alhali jikin ƙashin baya da sauran danshi. A kulle shi a kwali ya kwana uku, sai hunhuna da tsutsa.

Saboda haka Goggo take da wata al'ada da ban gani wajen kowa ba sai waɗanda suka koya a hannunta. Duk murhun da ta sauke, sai ta zaɓi kifi ɗaya, wanda ya fi kowanne kauri, wanda da shi za a yi wa kwando fuska, ta ƙi sayarwa. Ta naɗe shi a takarda ta tura cikin tukunya ta rufe. Rana ta uku da safe sai ta karya shi biyu. In ya karye ƙas, cikinsa fari a bushe, sai a yi miya da shi a gida. In ya lanƙwashe ko ya yi wari, to ta san abin da ke faruwa a kwandon kowa da ya saya, sai ta yafa mayafi ta bi su. Sau biyu na ga ta yi haka a zamana da ita. Matan da muke layi ɗaya a kasuwa suna yi mata dariya, wai Tumba ta fi kowa cin kifi mai kyau a Argungu, da dabara.

Yadda dumi ke rayuwa kuwa, a bakin Baba Labbo na ji. Masunci ne, tun zamanin Goggo a jirginsa muke saye. Ya ce da rani dumi na taruwa a guraben gulbi masu zurfi yana jira. In damina ta kankama, sabon ruwa ja ya fara gangarowa, sai ya taso garke-garke yana haurawa, yana bin ƙananan hanyoyin ruwa zuwa fadama. Ba ya tsoron shinge, tsalle yake ya haye raga. A cikin ciyawar da ruwa ya shanye yake zuba ƙwai ya juya, ba ya tsayawa reno. 'Ya'yan su ƙyanƙyashe a nan, su yi kiwo a gindin shinkafa da ciyawa, daga nan har Zauro, suna girma ba a ganinsu. In ruwa ya fara ja baya da kaka sai su biyo shi su koma gulbi, sun kai tsawon tafin hannu, iyayen kuma sun yi ƙiba. Wanda ya makara ya maƙale a tafki, rabon balbela da yara. Baba Labbo ya ce duk dumin da muka taɓa ɗorawa a ragar murhu ɗan fadama ne, shekarar da ruwa bai hau fadama ba kuwa, a jira a gani.

Wannan lokacin haurawar, Goggo ba ta sayen dumi ko an ba ta a ɓagas. Dalilinta biyu ne. Na farko, ta ce a bar mai ciki ta je ta sauka. Na biyu na sana'a ne: duk ƙarfin kifin ya tafi ga ƙwai, naman ya zama ruwa-ruwa, ga itace a jiƙe, ga iska da laima. Ba ya bushewa yadda ya kamata. Wata biyu muke yi muna tarwaɗa kawai, duk wanda ya nemi dumi a ba shi haƙuri.

Masu saye iri-iri ne. Akwai mai matsa kifi da yatsa har ya farfashe sannan ta ce ya yi tsada. Akwai 'yan sari masu lodawa zuwa kudu, su ba ruwansu da ɗanɗano, girma suke dubawa. Akwai kuma waɗanda suka san kifi, su ne ke riƙe mai sana'a. A cikinsu babu kamar Hajiya Kulu ta unguwar Nassarawa a Birnin Kebbi. Tun Goggo na da rai take saye, da Goggo ta rasu, Allah ya jiƙanta, ta ci gaba da ni. Ba ta taɓa buɗe kwalin da na ɗaure mata a gabana ba. Ta hanyarta na samu gidaje da yawa a Birnin Kebbi, don in ta ce a gidan biki kifin Ige ne, magana ta ƙare. Rabin abin da nake ci da 'ya'yana daga wannan bakin nata yake.

Sai ga muguwar shekara. Daminar da ta gabace ta ruwa bai hau fadama ba sai kaɗan, shinkafa ta ƙone a tsaye, abin da Baba Labbo ya faɗa kuma ya tabbata. Rani ya zo babu dumi. Jirage su fita su dawo da abin da bai rufe gindin daro ba. Murhuna uku, biyu suka yi sanyi har kaji na ƙwai a ciki. Gidajen Birnin Kebbi suka fara saye wajen masu kawo kifin kiwo, ina ji ina gani.

Da sabuwar damina ta kama, Hajiya Kulu ta kira ni. 'Yar autarta ta haihu a Zariya, haihuwar fari, an yi mata aiki, ba za ta iya tahowa gida wanka ba. Hajiya kuma ƙafa ta hana ta doguwar tafiya, ƙanwarta Hajiya Ladi ce za ta je ta zauna da mai jego, ranar Asabar za su tashi. Yarinyar ta ce ba abin da take marmari sai miyar dumin Argungu. Kwali guda Hajiya take so, manya. Na san watan da muke ciki. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, to Hajiya, in sha Allahu.

Washegari na sauka bakin gulbi na tarar da dumi tuli, irin wanda rabona da gani tun bara waccan. Wasu matasan masunta ne suka tare bakin wata hanyar ruwa da raga mai ƙananan ido, suka kwashe garken da ke haurawa. Kowanne ciki ya kumbura. Na tsuguna ina zaɓa. Baba Labbo na zaune a jirginsa yana ɗinkin raga, shi bai fita ba. Ya ɗago ya dube ni.

"Ige, ke ce, ko idona ne ya tsufa?"

Na ce ni ce, Baba, ina kwana.

"Lahiya lau. Na ɗauka wata baƙuwa ce da ba ta san Tumba ba."

Ban ɗago ba. Na cika daro na tafi.

Na yi wa kifin nan duk abin da na iya. Na fiɗe shi tun da sauran motsi. Kuskuren da na ƙara a kan kuskure shi ne na bar ƙwan a ciki, don na san mai jego za ta so shi, kuma yana sa kifi ya cika ido. Na ƙone marken da nake ɓoyo, na ba shi yini biyu da rabi, ruwan sama na sauka ina kare murhu da kwano. Ya fito ja, yana ƙyalli, ban taɓa sauke mai kyan wannan ba. Ranar Laraba na ɗaure kwali na ba direban da ya saba kai mata. Har na sa babban a cikin kwalin, na sake ciro shi. Hannuna ne ya saba, ba wai na yi wani tunani ba. Na naɗe shi na tura a tukunya.

Asabar bayan na idar da sallar asuba na buɗe tukunyar. Tun ban karya ba na ji warin. Da na kama shi biyu bai ce ƙas ba, lanƙwashewa ya yi. Ƙwan ya yi laushi ya koma kore, naman da ke kewaye da shi ya yi yauƙi. Wannan shi za a jiƙa a dafa wa yarinyar da aka yi wa aiki kwana goma da suka wuce.

Na kira wayar Hajiya sau uku ba a ɗauka ba, gidan da ake shirin tafiya ba mai jin waya. Ba zan ɓoye ba, na ɗan zauna a bakin gado. Zariya da nisa. In kifi ya lalace a can, za a ce hanya ce, ko zafin mota, ko laimar damina. In kuwa na je da ƙafata na faɗa a gaban mutane, to na kashe sunana da bakina, a shekarar da ba ni da wani abu sai sunan. Ban daɗe a zaune ba dai. Na ƙulle karyayyen kifin a gefen zane, na nufi tasha.

Hantsi ya yi lokacin da mai keke ya sauke ni a ƙofar gidan Hajiya a Birnin Kebbi. Mota na tsaye, an buɗe bayanta, ga buhun gero, ga jarkar man gyaɗa, ga kwalina da igiyar da na ɗaure da hannuna. Tsakar gida cike da mata 'yan sallama. Hajiya na kan kujera ta miƙe ƙafa a kan matashi. Na durƙusa na gaishe ta, na yi barka, sannan na kwance gefen zane na ajiye kifin a gabanta.

"Ige, barkar taki ke nan? Kifi guda, shi ma karyayye?"

Mata suka yi dariya. Na ce Hajiya, ɗan'uwan na cikin kwali ne, murhu ɗaya suka fito. Ina roƙon a sauke kwalin.

Ta ɗauka ta kai hanci, ta ajiye. Dariya ta tsaya. Hajiya Ladi ta fara faɗa, tana cewa direba na jira, rana na yi, kuma wa zai shiga gidan surukai da hannu biyu babu abin da mai jego ta roƙa. Wata daga gefe ta ce ai guda ɗaya ne, a tafi da sauran, in an isa a shanya. Hajiya Kulu ta sa aka shigo da kwalin, aka shimfiɗa tabarma. Ta ce in karya.

Na yi ta karyawa ɗaya bayan ɗaya a gaban matan Nassarawa, waɗanda rabinsu sun taɓa cin kifina. Ƙananan sun bushe. Manyan, masu ƙwan, waɗanda na zaɓa don a yaba, kusan duk sun tafi. Tarin hagu ya fi na dama nesa ba kusa ba. Ƙuda suka fara taruwa.

Da na gama Hajiya ta ce, "Yaushe kinka sani?"

Na ce yau da asuba na tabbatar, amma tun a bakin gulbi na san ba lokacinsa ba ne.

"To mi ya hana ki gaya min tun ranar?"

Na ce, "Hajiya, shekara ashirin ban taɓa ce miki babu ba. Na ji tsoron in na faɗa ki nema wani wuri, ki zauna can."

Ta daɗe tana kallon tarin nan biyu. Ni kuma ina kallon tabarma, ina jiran a ce in kwashe kayana. Sai ta juya ta ce wa Hajiya Ladi a tura kasuwa a sayo kaji shida masu rai a ɗaure a bayan mota, yarinya ta sha romo, dumi ba magani ba ne. Masu kyan kuma a mayar da su wuta a nan gidan, su jikokinta za su ci. Sannan ta dawo kaina.

"Ige, ni na tashi gidan da anka taɓa ce muna babu hatsi, kuma ga ni. Babu kifi ba ta kashe ni. In babu, ki ce min babu, in san abin da zan yi. Yaushe dumin kirki zai samu?"

Na ce sai ruwa ya ja baya, wata uku nan gaba, in Allah ya sa bana ya hau fadama.

"To sai ruwa ya ja baya. Kwali biyu, ɗaya nan, ɗaya Zariya. Tashi ki wanke hannu ki ci abinci, kina warin kifi cikin mutane."